'Yar Aike daga Beli

Ni ne ɗan farin Inna, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na san a gidaje da yawa yanzu kunyar ɗan fari ta zama labari, uwa takan kira ɗanta kai tsaye, har su zauna suna hira. A gidanmu na Ƙaraye ba haka abin yake ba. Inna a hannun kakarta ta tashi, kuma tsohuwar kunyar nan ta ɗauko ɗungurungum ta shigo da ita gidan miji. Da safe in na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, takan amsa da "lafiya lau", idonta na kan tukunya ko kan bango. Iyakarmu ke nan. Sauran magana Baba ne ke ɗauka. Ina tsaye kusa da ita har ina jin ƙaurin hayaƙin da ke jikin zanenta, za ta ce, "Malam, a ce wa wancan ruwan wankansa na hucewa." Baba ya juyo yana danne dariya ya ce, "To wancan, ka dai ji."

Ban ɗauki wannan a matsayin ƙi ba, ko da yake ba zan iya rantsewa cewa ina ƙarami ban taɓa shiga bayan rumbu na yi kuka ba. Abin da na tabbata shi ne, in an yanka kaza, hantar a kwanona take ɓuya, can ƙarƙashin tuwo.

Baba ya rasu a shekarar da na gama bautar ƙasa. Ƙanwata tana aure a wani ƙauye kusa da mu da ake kira Turawa, ƙanena yana Kano wajen koyon ɗinki. Da Inna ta fita takaba, 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa, sai gidan ya rage daga ni sai ita: ita a ciki, ni a ɗakin zaure. A lokacin na gane ashe ba maigida kaɗai muka rasa ba, har da bakin da muke magana da shi. In abinci ya yi, sai in tarar da kwano rufe da faifai a bakin ƙofata, ban ga wanda ya ajiye ba. In na ci, in mayar da kwanon gindin turmi. Mukan yi kwana da kwanaki babu abin da ya haɗa mu sai gaisuwar safe da motsin kwano. Ba fushi ba ne. Shiru ne kawai, irin wanda kan sauka bayan an ɗauke ruwan sama, kowane abu na ɗiga a hankali.

Ana cikin haka wani abokina da muka yi jami'a tare ya kira ni. Ya ce makarantar da yake koyarwa a Lakwaja na neman malamin lissafi, ya ba da sunana, za su jira ni zuwa lokacin dawowa daga hutu. Na yi murna, ina jin, na ɗan lokaci kaɗan. Daga nan sai saƙe-saƙe. In na tafi, wa zai kwana a zaure? In na ƙi, yaushe wani zai sake tunawa da ni? Abu ɗaya na sani: ba zan ɗaga ƙafa ba sai na ji Inna ta yarda, kuma yarda ta zuci, ba ta kara ba. To ta yaya mutum zai tambayi wadda ba ta kallon sa?

Na aika wa ƙanwata. Ta zo ranar kasuwa, ta shiga ɗakin Inna suka daɗe. Da ta fito na tare ta a zaure.

"Me ta ce?"

"Ta ce shi ya sani."

"Shi ya sani kamar yaya? Da wace irin murya ta faɗa?"

"Da muryarta mana, Yaya. Murya nawa gare ta?"

"Ta ɗago kai, ko ba ta ɗago ba?"

"Wallahi Yaya kai ma aiki ne. Tsintar wake take yi. Bari in tafi kar 'yan garinmu su wuce su bar ni."

Na yi ta juya "shi ya sani" ɗin nan a raina. Da safe in ji ta kamar izini, da yamma in ji ta kamar maganar wadda ta cire hannu.

Lokacin kaka ne, an cire gyaɗa, buhunanmu na jere a tsohon ɗakin Baba. Ɓeraye suka gano su. Wata safiya na ji Inna tana magana da maƙwabciyarmu ta kan katanga, da murya sama da yadda ta saba: "Ɓeraye dai sun gaje ɗakin Malam. Ga gida ko mage babu." Maƙwabciyar ma ta san ba da ita ake ba, don ba ta ce komai ba sai "Allah ya kyauta."

Na yi tunanin maganin ɓera, na tuna kajin Inna. Na yi tunanin tarko, na tuna yatsun ƙafarta in ta shiga ɗakin ba fitila. Sai na tuna Iya.

Iya ƙanwar kakata ce ta wajen uba, tana zaune a Beli ta ƙasar Rogo, ita kaɗai a gidan da mijinta ya bari. A ƙauyukan wajen, in mage ta haihu da yawa, ko ta fara ɗage murfin tukunya, akan sa ta a buhu a kai ta nesa a yar. Ban san yadda aka fara ba, amma a hankali nesan nan ya zama ƙofar gidan Iya. Mutum kan ajiye buhu ya wuce abinsa, ita kuma ta fito ta kwance, ta jiƙa ƙanzo da ɗan nono ta ba baƙuwar. Wanda ke neman mage ma nan yake zuwa. Na sha gani a waya cewa a wasu ƙasashe akwai gidajen da ake tara dabbobin da aka yasar har a sami mai ɗauka. Ban san ko daidai ne in kira gidan Iya haka ba, don ita ba ta taɓa kiransa komai ba sai gida.

Na sami kwalin sabulu na huda shi da ƙusa. Na ƙara huji don kar iska ta yi kaɗan, sannan na fara tsoron ko hujin sun yi yawa. Na hau mashin muka ɗauki hanyar Rogo. Dawa ta yi tsawo ta fid da kai, ta rufe hanya hagu da dama, in an gangara fadama kuma sai rake. Ina tuna tafiyar kamar an ja ni ne ta cikin koren ruwa, mai yiwuwa kuma rana ce ta dake ni.

Na yi sallama a ƙofar Iya ba a amsa ba, na sake yi, sannan na shiga. Abin da na gani, har yau ban san ko zuciyata ta yi masa ƙari ba. Maguna ko'ina: a kan jinkar rumbu, cikin fasasshiyar randa, a kan turmin da aka kifa, a reshen darbejiya. Babu mai kuka, babu mai gudu. Duk suka ɗago kai lokaci ɗaya suka dube ni, sannan suka mayar. Hasken da ke sauka ta tsakanin ganye na yawo a gadon bayansu, sai ka ce tsakar gidan ce ke numfashi. Iya na tsakiya kan tabarma tana gyangyaɗi, carbi a hannu. Ta buɗe ido ɗaya.

"Wa nake gani kamar mijina da ya gudu ya bar ni ba cefane?"

Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa goro da sabulu.

"Goro da sabulu. Ka yi karatu ka ƙi ni, yanzu ka zo biko da goro? Ai na yi sabon miji, ga shi can." Ta nuna wani ƙaton muzuru mai ido ɗaya a kan katanga. "Shi ko ba komai a gida yake kwana."

Sannan ta sake yi mini gaisuwar Baba, duk da ta je a lokacin. Muka yi masa addu'a, muka shafa.

"Iya, mage nake so, in da hali. In kuma babu hali, ba komai."

"In da hali? Dubi gidan nan ka ce in da hali. Wa za a kai wa, kai ko uwarka?"

"Ɓeraye ne suka dame mu."

"Au, ɓeraye za a kai wa. To sun gode."

Na tambaye ta ko akwai mai ciwo a cikinsu, ko suna cizo, ko an taɓa yi musu allura. Ta ce, "Allura? Ni da nake ciyar da su ma ba a yi mini ba." Daga baya dai na kai tawa wajen malamin dabbobi a Ƙaraye, ya duba ta, ya yi mata abin da ya ga ya dace. Amma a ranar zaɓen ne ya gagare ni. Duk wadda na nuna, sai in ga ta kusa da ita tana kallona, in ji kamar zan yi rashin adalci. Har aka kira la'asar ban tsai da ɗaya ba. Na yi salla a zaure, da na idar sai na tarar da wata a kwance kan takalmana. Launin toka ce, ba jaririya ba, ba ta kuma gama girma ba, kunnenta ɗaya a tsage.

"To ga wadda ta rage maka wahala," in ji Iya. "A buhun taki aka kawo ta, ana ruwa. Ba ta sata, sai dai son jiki. Amma ka ji: in ta gundure ku, ku dawo mini da ita. Kar in ji an sa ta a buhu karo na biyu."

Ta sa ta a kwalin, ta ɗauko wani tsohon zanenta ta lulluɓe, ta ce ba a tafiya da mage tana ganin hanya. Na so in ce zanen ya rufe hujin da na yi, sai kawai na ɗauki kwalin. Ta rako ni har zaure tana dogara sanda.

"Har yanzu uwar taka bango take amsa wa gaisuwa?"

Na ce haka ne.

"Allah ya shirye mu. Mu muka koya musu, ga shi mun tsufa mun daina, su sun ƙi dainawa."

Duk hanyar dawowa kunnena na jikin kwalin ina sauraron ko tana numfashi, har mai mashin ya tambaye ni ko rediyo ce a ciki.

Da na iso gida ban san yadda zan gabatar da ita ba. Na ajiye kwalin a tsakar gida, na buɗe, na ce wa iska, "Daga Beli ne. Iya na gaisuwa." Magen ta fito, ta shinshina ƙasa, ta shige ƙarƙashin rumbu. Inna na tankaɗe, ba ta ɗago ba. Amma kafin magariba na ga an ajiye wani ɗan kasko da nono a gindin turmi.

Ɓerayen kuwa, gaskiya ban ga ta kama da yawa ba. Ina jin warinta suka ji suka rage ɓarna, ko kuma mu ne muka daina saurare. Abin da ta fi iyawa shi ne kwanciya. Takan zaɓi daidai tsakiyar gida, inda inuwar katanga ke ƙarewa, tsakanin ƙofar Inna da ƙofar zaure, ta miƙe kamar an shanya ta.

Na fara jin Inna tana yi mata faɗa. "Ke 'yar Beli, sauka daga tabarmar sallata." "Ke, wannan kifin ba na ubanki ba ne." Na daɗe ban ji muryarta ta yi tsawo haka ba, har nakan ajiye abin da nake yi in saurara. Sai wata rana da azahar, ina zaune a bakin zaure, na ji ta ce:

"Ke 'yar Beli, tashi ki je ki ce wa ubangidanki dambu na hucewa."

Magen ko kunne ba ta motsa ba. Na duba ko akwai wani a gidan, babu kowa. Na gyara murya, na dubi magen, na ce, "Ki ce an gode. Ana zuwa."

Ban ga fuskar Inna ba, ta juya baya tana kwashe dambun. Amma kafaɗarta ta ɗan motsa, kuma ina kyautata zaton dariya ce.

Daga ranar 'yar Beli ta sami aiki, ba tare da ta taɓa tashi daga inda take kwance ba. "Ki ce masa ƙofar akurkin kaji ta ɓalle." "Ki tambaye shi wa ya koya masa wanki, da wuyan riga ke fita da dauɗarsa." Ni ma na koyi aike, sai dai nawa saƙon kan yi tsawo. Na taɓa cewa, "Ki ce mata, in ba damuwa, kuma in ta ga ya dace, wataƙila zai fi kyau a ɗan rage gishiri saboda abin da likita ya faɗa, ko da yake ita ta fi ni sani." Inna ta ce, "Ki ce ya taƙaita. Ke kanki kin yi barci tun bai kai rabi ba."

Bayan la'asar na fi so. Inna takan baza tabarma tana ɓarar gyaɗa, magen a gefenta, ni a bakin zaure da littafin da ba na karantawa. Hayaƙin maƙwabta na tashi a miƙe, balbelu na wucewa a jere zuwa wajen dam, rana ta yi laushi kamar an jiƙa ta. Sai Inna ta fara ba magen labari. Ta gaya mata ranar da aka haife ni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ungozoma ta shigo da faifai a ka. Ta gaya mata ina rarrafe na taɓa gatsar sabulun wanki, na yi ta kumfa da baki, kakata na salati, Baba na dariya. Ta gaya mata ranar da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, ita ta ɗauki guga ta tafi rijiyar bayan ɗaki, ta ja ruwa ta mayar, ta ja ta mayar, don kar a ga idonta. Ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Nakan zauna ban motsa ba, ina tsoron in na yi tari labarin zai tashi kamar tsuntsu. Har yanzu wani lokaci nakan yi shakka ko ta faɗe su ne, ko gyangyaɗi na yi na yi mafarkinsu. Na sabulun dai ƙanwata ta tabbatar mini ta taɓa ji.

Ga hanya ta samu, ka ce sai in yi tambayata. Ban yi ba. Kullum da safe nakan shirya yadda zan faɗa, in ce bari sai bayan azahar. Bayan azahar in ga Inna na cikin nishaɗi, in ce kar in ɓata mata. Washegari in ga ba ta cikin nishaɗi, in ce ba yau ba. Ina jin amsar nake tsoro, ko wace ce: in ta ce tafi, na bar ta ita kaɗai, in ta ce zauna, aikin ya wuce. Kuma hirar la'asar ɗin nan sabuwa ce a wurina, ban ƙoshi da ita ba.

Abokina ya sake kira. Hutu ya kusa ƙarewa, ya ce akwai wani da ke jiran wurin in ni ba na so. Na ce in sha Allahu gobe zai ji daga gare ni, na ƙudura da safe zan aiki 'yar Beli ko me zai faru.

Da safe babu mage. Nonon da ke kasko na nan, ƙudaje a kai. Na duba ƙarƙashin rumbu, ɗakin Baba, bayan gida, kan katanga. Na je wajen mahauta a kasuwa, na je wajen mai shayin bakin tasha. Mai shayin ya ce, "Malam, maguna masu launin toka ai sun fi masu shan shayi yawa a garin nan. Tana da waya ne mu kira ta?" Na roƙi abokina ya ƙara mini 'yan kwanaki. Gida ya koma yadda yake a da: kwano a bakin ƙofa, faifai a kai. Sai dai shirun yanzu ya fi na farko nauyi. Inna kuwa kullum da safe takan zubar da nonon jiya ta zuba sabo.

Da na rasa inda zan duba, na sake hawa mashin zuwa Beli.

"Kai kuma lafiya," in ji Iya, "ka shigo kamar wanda aka yi wa sata?"

"Ta ɓata, Iya. Na ce ko nan ta dawo."

"Ta ina? Ba na rufe mata hanya da zanena ba? Ba ta zo ba." Ta ƙare mini kallo. "Budurwa ce fa. Ta ji kiran wani muzuru ta bi shi. Kowa na neman aure a ƙasar nan sai kai."

"Za ta dawo?"

"Wata kan dawo da ciki, wata ba a ƙara ganinta. Ni ba duba nake yi ba. Ɗauki wata, ga su nan."

Na dubi tsakar gidan. Wannan karon bai yi mini kama da mafarki ba. Maguna ne ramammu, wasu da ƙuraje, da tsohuwa wadda ta gaji. Na ce a bari tukuna. Ban san yadda zan gaya mata cewa ba mai kamun ɓera na rasa ba. Na share mata tsakar gida, na ja mata ruwa na cika randa, na juyo.

Na iso bayan la'asar. Inna na kan tabarmarta, gyaɗa a gabanta. Na zauna a bakin zaure. Ban daɗe ba wayata ta yi ƙara, abokina ne. Na rage murya, amma gidanmu ba shi da girman da zai ɓoye magana. Ya ce shugaban makarantar ya ce yau ne ƙarshe. Na ce, "Ka ba shi haƙuri. Ina jin a ba wancan mutumin kawai. Ni kamar ba zai yiwu in..."

Sai na ji Inna ta yi gyaran murya. Ban taɓa jin ta yi gyaran murya saboda ni ba. Na ce masa zan sake kira, na kashe.

Ta ci gaba da ɓara, tana jefa ƙwaya a ƙwarya, ɓawo a gefe. Idonta na kan wurin nan na tsakar gida inda inuwa ke ƙarewa. Babu komai a wurin.

"Da 'yar Belin nan tana nan," ta ce, "da na aike ta."

Na ajiye wayar a gefena.

"Da na ce ta ce wa wancan, ni ba yarinya ba ce. Gyaɗata na ɗaki, kajina na nan, maƙwabta in na yi tari suna ji, ƙanwarsa ba nisa. Malam bai kai shi makaranta don ya zauna a zaure yana gadin tsohuwa ba. Da na ce ta ce masa ya kira mutumin nan ya ce yana zuwa."

Na dubi wurin da take kallo, don ban san inda zan duba ba. Na ce, "Da tana nan, da na ce ta tambaya, in ba damuwa, ko da gaske ne, ko kara ce kawai."

"Da ta ce masa tambayarsa ta yi yawa." Ta fasa wata gyaɗa, ta riƙe ta a hannu ba ta jefa ba. "Da ta ce masa gidan zai yi mini faɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma faɗin gida bai taɓa kashe kowa ba. Allah ya yi masa albarka, ya tsare gabansa da bayansa. Sai dai an ce garin na da babban kogi. Ta ce masa kar ya kuskura ya shiga kwalekwale."

Na ce amin. Ita kuma ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ɗaki, duk da gyaɗar ba ta ƙare ba. Na kira abokina a nan inda nake zaune, da muryar da za a ji ta a ɗaki.

Ranar tafiya na tarar da ƙulli a bakin ƙofata: ƙuliƙuli, yaji, da soyayyar gyaɗa a gora. Na durƙusa na yi mata sallama, ta yi addu'a tana kallon bango, na fita zuwa tashar motocin Kano. Har na tafi magen ba ta dawo ba.

Ƙanena ya saya wa Inna ƙaramar waya, ƙanwata ta koya mata inda ake dannawa. Na yi kwanaki a Lakwaja ina ɗaukar tawa ina ajiyewa, don ban san me zai biyo bayan gaisuwa ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na daure na kira. Ta ɗauka. Na gaishe ta, ta ce lafiya lau. Shiru ya biyo baya, har na duba ko layin ya yanke. Sai na ji muryarta ta ɗan yi nisa da wayar, kamar ta juya kai gefe.

"Ke, matso nan. Tambaye shi ko yana samun tuwo a garin, ko shinkafa kawai suke ba shi."

Na manna wayar a kunne ina sauraro, ko zan ji kukan mage, ko motsin kasko. Abin da na ji shi ne kaji, da wata na daka can a maƙwabta. Na so in tambaya ko ta dawo ne. Na buɗe baki, na fasa.

Na ce, "Ki ce akwai tuwo, amma miyar ba ta kai ta gida ba."